Gayauna a Gandun Ubangiji

Bahaushe ba ya kiran duk abin da aka danƙa masa da suna guda. Idan maƙwabci ya ba ka fartanya ka yi noma, aro ne, kuma ita ɗin za ka mayar, ba wata ba. Idan ya auna maka tiya biyar ta dawa a tsakiyar damina, rance ne, ka ci abinka, da kaka ka biya da kwatankwacinta. Idan matafiyi ya bar maka ƙullin kuɗi, ajiya ce, mutuncinka shi ne ya dawo ya tarar da ƙullin yadda ya ɗaure shi. Idan aka ba mace akuya ta lura da ita, kiwo ne, kuma mai akuya ba zai yi murna ba in bayan shekara uku aka miƙo masa ita kaɗai, a rame, babu ɗa babu jika. Akwai jingina ta gona, akwai riƙo na yaro. Dukansu amana ce, amma kowace da irin hisabinta, wanda kuwa ya rikita su ya ci amana ko da bai saci ko ƙwayar gero ba.

Na kawo waɗannan kalmomi ne saboda wata magana da muke ji kowace shekara a majami'unmu na kudancin Kano, daga ƙauyukan Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da gindin duwatsun Riruwai a Doguwa. Da zarar kaka ta yi, aka jera dammunan dawa da buhunan masara a gaban bagade don godiya, mai wa'azi zai tashi ya tuna mana cewa rai da iyali da baiwa da lokaci duk na Allah ne, mu wakilai ne kawai. Jama'a su amsa da amin. Ban taɓa jin wanda ya musa ba. Sai dai tambayar da ta daɗe tana cina ita ce: wace irin amana ce wannan? Ajiya aka ba mu, ko aro, ko kiwo? Amsar ba ta malaman tauhidi kaɗai ba ce, domin a kanta ake yanke ko za a sayar da gona, ko yarinya za ta ci gaba da karatu, ko saurayi zai kwashe rani yana zaune a gindin mangwaro.

Akwai ma wani ƙulli kafin wannan. Muna cewa rai kyauta ce daga Allah, muna kuma cewa za mu ba da lissafinsa. A al'adarmu kuwa ba a bin sawun kyauta. Wanda ya ba ka riga sannan ya riƙa tambayar inda ka sa ta da ranar da ka wanke ta, ba kyauta ya yi maka ba, igiya ya ɗaura maka. To, yaya abu guda zai zama kyauta, ya kuma zama abin bincike? Wani ɗalibi mai kaifin kai ya taɓa jefa wannan tambaya a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa, dattijon da ke koyarwa ya ce masa asirin Allah ne. Ni a ganina amsar tana bayan gidan kowannenmu.

Kakanninmu, waɗanda ake kira Maguzawa, sun shahara da manyan gandaye. Uba da 'ya'yansa maza da matansu suna noma gona guda, mai gida ne ke riƙe da rumbu, shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Amma a cikin wannan tsari akan yanka wa ɗa ko mace wani yanki a ce nasa ne, shi ne gayauna. Abin da ya noma a ciki nasa ne, ya sayar ko ya kyautar, ba mai ce masa don me. Duk da haka ƙasar ba ta fita daga gidan ba. Ba zai sayar wa baƙo da ita ba, kuma in ya bar ta ta zama saura shekara da shekaru, uban zai kira shi ya tambaye shi. Tambayar ba ta soke kyautar ba. Ita ce ma shaidar cewa wanda ya bayar uba ne, bai juya baya ba, kuma wanda aka ba ɗan gida ne, ba ɗan ƙodago da za a sallama da yamma ba. Haka na fahimci rayuwar Kirista: gayauna ce a cikin gandun Ubangiji. Tawa ce ƙwarai, har ina iya ɓata ta. Ba tawa ba ce ta yadda zan ce babu ruwan kowa.

Idan haka ne, hisabin gayauna ya fi kusa da na kiwo fiye da na ajiya. Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25 yana nan a kan wannan gaɓa. Mai gida zai yi tafiya, ya raba wa barorinsa uku dukiya: talanti biyar, biyu, da ɗaya. Talanti ba ƙaramin kuɗi ba ne, masana sun ƙiyasta guda ɗaya ya kai ladan ɗan ƙodago na kusan shekara 20. Biyu na farko suka juya nasu ya ninka. Na ukun ya haƙa rami ya binne, da mai gida ya dawo ya miƙa masa abinsa cif. A shari'ar ajiya wannan bawa ba shi da laifi ko kaɗan, shi ne ma amintacce. An hukunta shi ne domin kiwo aka ba shi, ya mai da shi ajiya.

Manomi zai fi kowa jin daɗin wannan misali, domin mu ma muna binne. Kafin ruwan farko ya sauka, mutum yakan fita da sungumi ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya koma gida yana duban gabas. Shi ma rami ya haƙa, shi ma dukiyarsa ya rufe da ƙasa. Bambancinsa da bawan nan shi ne, manomi ya binne abin da zai iya rasawa don yana sa rai, bawan kuwa ya binne ne don kada ya rasa komai. Ruwa na iya yin gardama irin ya ƙone, zabi da kurciya na iya tonewa. Wanda ya ce ba zai shuka ba sai ya tabbatar, zai ci irinsa a tuwo ya kwana da yunwa baɗi. Mun ma ga irin wancan binnewar da idonmu. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, kuɗaɗen da suka shekara a tukwane da ƙarƙashin katifa suka fito, wasu sun yi fumfuna, tsadar kaya kuma ta riga ta rage ƙarfinsu tun suna kwance.

Amma a nan dole in tsaya wa bawan nan na uku kaɗan, domin masu wa'azi sun cika yi masa dukan kawo wuƙa. Shi ne aka ba mafi ƙanƙanta, kuma ya faɗi dalilinsa: tsoro. Mai buhu hamsin yana iya gwada sabon iri a kadada guda, in ya lalace ya yi dariya. Mai buhu ɗaya in ya gwada ya faɗi, 'ya'yansa ne za su ji a cikinsu. Rabo a ƙasarmu ba daidai yake ba, kuma ba ƙwazo ne kaɗai ya raba shi ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974, a ƙasar Bebeji take, amma mafi yawan ruwanta yana bin magudanai ne zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Ƙauyukan da ruwan ya ci an tashe su an sake musu matsuguni. Manomin tudu a Kiru yana da damina guda, in ta yi kyau ya gode, in ta ƙi ya jira wata. Can gabas kuma, fadamun Haɗeja da Nguru sun rage samun ambaliyar da suka dogara da ita tun da aka tare kogin. Wane mai wa'azi ne zai tsaya gaban waɗannan mutane duka ya ce musu ku ninka, kamar abu guda aka ba su?

Abu biyu ne suka hana ni watsar da misalin saboda wannan. Na farko, mai gidan bai nemi riba iri ɗaya ba. Mai biyu ya kawo biyu, aka yaba masa da kalmomin da aka yaba wa mai biyar. Na biyu, ko shi mai ɗayan an nuna masa hanya mafi sauƙin haɗari, wato ya kai wa masu juya kuɗi. Ma'ana, in ba za ka iya kai kaɗai ba, haɗa da wasu. Wannan kuwa mun san shi tun kafin bishara ta zo mana: gayya a gona, adashe a tsakanin mata. Zumuntar mata a ikilisiyoyinmu ta fi kowane kwamiti gane wannan. Su ne ke tara kwano-kwano na hatsi da kaka su ajiye, su ranta wa gwauruwa a watan Yuli lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Don haka idan mai talanti ɗaya ya binne nasa don tsoro a cikin ikilisiyar da ke da masu biyar, ina ganin tambayar ranar hisabi ba za ta tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna game da yadda ake koyar da wakilci a yau. An matse shi ya koma zakka da baiko. Da an ce makon wakilci, kowa ya san za a yi maganar ambulan. Ba na raina zakka. Da ita ake biyan mai bishara da ke zaune a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, da ita ake rufa ajin makaranta. Amma wanda ya fitar da ɗaya bisa goma ya ɗauka sauran tara nasa ne ya yi yadda ya ga dama, ya mai da Allah mai karɓar haraji, ba mai gandu ba. Mutumin da ke cikin Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka ya rushe rumbunansa ya gina manya, ba a ce ya hana zakka ba. Ba kuma gina rumbu ne laifinsa ba, ai Yusufu ya tara ɗaya bisa biyar na amfanin Masar har shekara bakwai, ya ceci al'umma. Duba labarin da kyau za ka ga mutumin da kansa kaɗai yake shawara, kansa kaɗai yake yi wa tanadi. Rumbun Yusufu yana da ƙofa, nasa ba shi da ita.

Yanzu ga shari'ar da ta fi kowace wuya, wadda na ga irinta ta raba 'yan'uwa. Mutum ya rasu ya bar mace da 'ya'ya da gona. Babbar 'yar tana da kai, ta ci jarrabawa, ta sami gurbin karatun jinya. Babu kuɗi. Uwar ta ce a sayar da wani yanki na gonar. Baffanni suka ce ba a sayar da gado, suka kawo labarin Nabot wanda ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin kakanninsa, suka kawo Littafin Firistoci sura 25 inda aka hana sayar da ƙasa har abada domin ta Allah ce. Suka ƙara da cewa ga mai neman yarinyar da aure, ya ɗauke musu nauyi. Kowane ɓangare yana cewa amana yake karewa.

Ba zan mai da baffannin nan azzalumai ba, domin hujjarsu tana da nauyi fiye da yadda 'yan boko ke zato. Mu Masihiyawa 'yan kaɗan ne a waɗannan ƙananan hukumomi, kuma gona ita ce turken da ya ɗaure mu a nan. Gidan da ya sayar da gonarsa, bayan shekara goma za ka tarar da 'ya'yansa a Sabon Gari ko Kaduna ko Legas, suna haya, majami'ar ƙauye ta rage benci guda. Ƙasar da ta fita hannu ba ta cika dawowa ba. Kuma gona tana da masu haƙƙi da ba su halarci zaman ba, wato waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ko dokar ƙasa ta san da wannan tunani: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin riƙon amana domin jama'a, ba mallakarsa ba. Ko ana cika wannan amana, wannan zance ne na wata rana.

Duk da haka ina bayan uwar. Dalilina shi ne baffannin sun ƙirga amana ɗaya sun manta da ɗaya. Yarinyar ma gayauna ce, kanta ma talanti ne, kuma aurar da ita don a huta da nauyinta rami ne aka haƙa aka rufe. Nabot ya ƙi sayarwa ne ga sarkin da ke son lambun ganye kusa da fadarsa, ba a ce masa ya zaɓa tsakanin kurangar inabi da 'yarsa ba. Dokar Firistoci kuma, in an karanta ta duka, ta yarda wanda talauci ya kama ya saki gonarsa, sai dai ta ɗora wa danginsa na kusa nauyin fansarta, ta kuma sa ta koma gida a shekara ta hamsin. Ashe ayar da baffannin suka ɗauko a kansu take faɗuwa. In gonar tana da tsarki haka a idonsu, su karɓe ta jingina su ba da kuɗin, yarinya ta gama ta fanshe ta da albashinta. Hausa tana da wannan hanya tun fil azal. Wanda ya hana sayarwa, ya hana jingina, bai kuma sa hannu a aljihu ba, ba gado yake tsaro ba, jira yake yaran su gaji su bar masa.

Na san za a ce karatu ma caca ce, ga masu digiri nan suna acaɓa. Gaskiya ne. Binne ma caca ce. Abin da nake ƙi shi ne a ce haɗarin da ke kan gona haɗari ne, amma asarar da ke kan yarinya ba asara ba ce don ba a ganinta a ido. Asibitocin karkararmu suna kukan rashin ma'aikata mata, mata na haihuwa a hanya kafin a kai su Tudun Wada ko Kano. Ungozoma guda da ta fito daga ƙauye ta koma cikinsa ta fi kadada guda amfani ga waɗanda ba a haifa ba ɗin nan da ake magana da sunansu.

Game da 'ya'ya gaba ɗaya, kalmar riƙo ta ishe ni. Wadda aka ba ɗan riƙo ta san abu biyu: za ta ƙaunace shi kamar ta haife shi, kuma wata rana masu shi za su dubi yadda ya tashi. Uban da ya ɗauki ɗansa a matsayin hannun noma kawai, ya cire shi daga aji duk ranar da ciyawa ta yi yawa, ya manta da na biyun. Uban da ya tura ɗa birni wurin dangi bai sake tambayar inda yake kwana ba ya manta da na farkon.

Lokaci kuwa, a wurinmu sunansa rani. Daga Nuwamba zuwa Mayu manomin tudu yana da kusan rabin shekara a hannunsa, kuma a nan ake gane mutum. Wani ya tafi cin rani ya dawo da kuɗin taki. Wani ya koyi gini ko gyaran injin ban ruwa. Wani kuma ya bi kasuwanni daga wannan zuwa waccan, ba saye ba sayarwa, sai rumfar burkutu, ya shanye dawar da matarsa ta taya shi nomawa. Tsofaffin masu bishara sun yi yaƙi da giya har wasu na ganin sun wuce gona da iri, amma duk wanda ya ga rumbu ya ƙare a watan Maris ya san abin da suka gani. A yau ma abin ya sauya kama, ya koma ƙwaya da maganin tari a hannun samari, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da mai kodin a 2018. Ba ina cewa hutu laifi ne ba. Wanda ya ba da gandun shi ya sa ranar hutu, har ƙasa ma ya ce a bar ta ta huta a shekara ta bakwai. Hutu yana mayar da ƙarfi, zaman banza yana cinye shi, kuma jiki ya san bambancin ko da baki ya musa.

Akwai gayaunar da ba ta mutum ɗaya ba. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos yana ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, kuma yana ganin buhunan gawayi a jere a bakin titi a garuruwan da ke kewaye. A Riruwai an kwashe kuza shekara da shekaru, aka bar ramuka. Mai sare itace yana da hujja, gas ya yi tsada, yara na jin yunwa, kuma ba shi ya fara ba. Amma Littafin Farawa ya ce an sa mutum a gonar Aidan don ya nome ta ya kuma kiyaye ta, aiki biyu a haɗe, mu kuwa mun riƙe na farko mun saki na biyu. Kakanninmu da ba su san Littafin ba ba sa sare ɗorawa ko kaɗanya a gona, suna kuma barin kala ga tsofaffi da marayu bayan girbi, abin da Dokar Musa ta umarta kuma Rut ta ci albarkacinsa a gonar Bo'aza. Yau har kara da harawa an yi musu kuɗi kafin su bushe. A wannan fage maƙwabtanmu Musulmi da mu harshe guda muke yi, su ma amana suke cewa, su ma hisabi suke tsoro, kuma rijiyar da ta ƙafe ba ta tambayar wanda ya zo da guga ina yake sujada. Ikilisiyar da ke iya tara buhu ɗari ranar godiyar kaka tana iya rainon dashen ɗorawa ɗari a bayan majami'a, ta raba wa kowane gida, nata da na maƙwabta, a farkon damina. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, mai dasa ta da furfura ba lalle ya ɗanɗani daddawarta ba, jikokinsa ne za su riƙa kai kalwa kasuwar Tudun Wada.